Kunkurun da Ya Mutu Sau Biyu

Tashar Binciken Teku,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar, yaya kuma idon? Ka gaishe min da Yaya da matarsa da yara. Ni lafiyata lau, in ban da kunnen nan na hagu da ciwon yarinta ya tafi da shi, wanda har yau yake sa mutane su ɗauka girman kai ne ya hana ni amsa gaisuwa.

Ga shi na cika alkawari, na rubuto da hannu. Na san in na kira ka a waya za ka ce ba ka ji, in ka ji kuma ka ce maganar da ba a rubuta ba iska ce.

Baba, shekara ɗaya kacal da ritayarka, amma tashar nan ta tsufa. Jirgin bincike yana kan tudu bisa katakai, tsatsa na cinsa. Matuƙin ya koma jigilar kaya, masu nutso biyun nan sun bi kamfanin shimfiɗa bututu, mai zana taswirar ƙasan teku kuma tun bara ya tattara kayansa ya tafi. Abin da ya rage shi ne doguwar barandar nan mai ƙofa huɗu. Mai Laka yana ƙofar farko da dogayen bututan lakarsa da aka haƙo daga ƙarƙashin teku, yana yanka su yana karanta shekaru dubu a ciki, kuma har yanzu yana cewa teku ruwa ne kawai da ya zauna masa a kan aiki. Malam Gishiri yana ta biyu da kwalabensa, yana auna abin da ya narke a ruwa, ba ya kuma shan shayi a kofin da ba shi ya wanke ba. Ta uku ta Anti Kifi ce, hanci ne ke nuna maka ita kafin ido. Kanta ya yi fari fat, amma tana nan a kan batun mutuwar kifin nan ta shekara goma sha tara da suka wuce, kifayen shekarar suna cikin firizarta har gobe. Ta huɗu tamu ce ni da Farfesa, masu bin motsin ruwa da zafinsa da hawa da saukarsa. Kowa a cikinsu gani yake fanninsa ne uwa, sauran 'yan rakiya ne. Amma duk huɗun, in lissafi ya cije, ɗakin littattafanka suke zuwa.

Bokitinka yana hannuna. Gadar da ta miƙe cikin teku tana nan yadda ka bar ta, can ƙarshen tashar jirage, nesa da ofis, ƙarfe bakwai ba kowa sai ni da tsuntsaye. Ina yi yadda ka koya min: in zubar da bokitin farko, in ɗebo na biyu, in sa ma'auni, in juya wa rana baya ya zauna a inuwata minti uku, in karanta zafi, in karanta gishiri, in rubuta da fensir don biro ba ya jure ruwa. Ranar da na makara da minti goma sai da na waiga ko kana bayana. Na rubuta makarar a gefen shafi, don na tuna dokarka: abin da ba ka auna ba kada ka rubuta, ka bar gurbin fari ko da za a kore ka.

Yanzu ga abin da ya hana kowa sukuni. Jami'a za ta turo kwamiti nan da wata biyu su duba ko za a rufe tashar. Farfesa ya tara mu ya ce ba mu da jirgi, ba mu da sababbin na'urori, abu ɗaya muke da shi da babu irinsa a duk wannan gaɓa: littattafanka talatin da huɗu, awon kowace safiya, babu gurbin kwana ɗaya. Ya ce su ne za su cece mu in da ceto, kuma a kansu zan gina digirina. An ba ni aikin shigar da su kwamfuta. Ina buɗe shafukan nan da suka cukuikuye da ɗigon ruwan gishiri, ina jin ƙamshin rigarka. Na yi alfahari har na ji kunya.

Ka riƙa shan maganin gwiwar, kada ka ce ya ƙare alhali yana ƙarƙashin filo.

Taka har kullum,
'Yar Bokiti.

*

Ranar Laraba.

Babana,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya, sanyin safiya bai taɓa gwiwar ba. Na ga amsarka, layi huɗu, uku a ciki faɗa ne a kan makarar minti goma. Na karɓa.

Don Allah wannan ka sa babban gilashin ka karanta da kanka, kada ka ba Yaya.

Na kai littafi na goma sha shida. Ka san layin nan na ƙarshe inda kake rubuta abin da ka gani a ruwa. A ranar uku ga Maris ka rubuta cewa ga mataccen kunkurun teku a gindin gada, da igiyar masunta a wuyansa. Ina bugawa sai yatsuna suka tsaya, don na san na buga wannan maganar makon jiya. Na ɗauko na goma sha biyar. Uku ga Maris, kunkuru, gindin gada, igiya a wuya. Na yi dariya ni kaɗai, na ce wannan kunkuru da ƙarfin hali yake, ya mutu bara ya dawo bana ya sake mutuwa a wuri ɗaya.

Dariyar ba ta daɗe ba. Na jera littattafan biyu a kan tebur na bi su da yatsa. Daga ashirin ga Fabrairu zuwa ɗaya ga Afrilu, kwana arba'in da ɗaya, kowace lamba ɗaya ce da ta shekarar da ta gabata. Zafi ɗaya, gishiri ɗaya, har ranar da ka ce an yi hadari. Kai ka faɗa min teku ba ya maimaita kansa ko da safiya biyu a jere. Sannan na shafa takardar. Duk littattafanka sun sha ruwa sun kumbura, amma waɗannan shafuka sumul suke, ko ɗigo babu, rubutun kuma a miƙe yake irin na wanda ya zauna a kan tebur. Na tashi na rufe ƙofa.

Na yi ta nema maka mafita. Na ce ko littafin ainihi ne ya faɗa ruwa ka sake kwafa ka ɗauko wanda ba shi ba. Na ce ko wani ka bar wa bokitin ya cuce ka. Amma hannunka ne, Baba, bakwai ɗinka mai sanda a tsakiya.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin. Waɗannan makonni su ne daidai lokacin da kifi ya mutu ya rufe gaɓa. Anti Kifi ta ba ni labarin ba sau ɗaya ba. Abu na farko da ta yi shi ne ta duba littafinka, ta ga ruwa lafiya lau, zafinsa daidai da na kullum. Don haka ta cire zafi daga cikin abin zargi, ta kama neman guba da cuta, ita da Malam Gishiri. Shekara goma sha tara suna nema. An yi mata tayin aiki a wata babbar cibiya ta ƙi, ta ce sai ta gano abin da ya kashe kifinta.

Ban faɗa wa kowa ba. Ka rubuto ka gaya min abin da ya faru, ko mene ne. Na fi son in ji kuskurena ne, ka yi min faɗa layi goma.

'Yarka,
'Yar Bokiti.

*

Ranar Asabar.

Baba,

Ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya, duk da Yaya ya ce min tun da takardata ta zo ka rage cin abinci, ka daina zama a ƙofar gida. Ya tambaye ni me na rubuta maka, na ce zancen aiki ne.

Mako uku ke nan ina zuwa wurin akwatin wasiƙu. Mutumin da bai bar makarar minti goma ta kwana ba, yau kwana arba'in da ɗaya sun gagare shi amsa.

Na nemo tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam na wannan shekara, masu nuna zafin saman teku. A waɗannan makonni ruwan gaɓarmu ya ɗara yadda ya saba da maki uku. Ruwa in ya yi zafi haka iskar da ke cikinsa takan ragu, kifi ya rasa numfashi. Babu guba, babu cuta. Amsar tana gindin gadarka kowace safiya, bokiti ɗaya ya isa ya ɗebo ta.

Na kasa riƙewa na kai wa Farfesa. Ya duba littattafan biyu shafi bayan shafi. Da ya ɗago sai ya ce in tashi in rufe taga. Ya ce kwana arba'in da ɗaya ne a cikin kwana dubu goma sha biyu da ɗoriya, ba wanda zai lura, 'yan kwamiti jadawali za su kalla ba takarda ba. Ya ce in tuna da mutum goma sha ɗaya da ke ci a tashar nan, in tuna da digirina, in tuna da sunan mahaifina. Bai ce in yi ƙarya ba, cewa ya yi in buga abin da na gani a littafi, aikina ke nan. Dattijon nan da nake ganin girmansa, har da riƙe min hannu.

Ban san da wa zan fi yin fushi ba. Zan faɗa maka gaskiya tunda kai ka saba min da ita: raina a ɓace yake da kai. Tun ina shekara bakwai nake bin ka gada. Ka taɓa sa ni zubar da awo sau uku don inuwata ta kauce daga kan ma'auni. Ka hana ni ƙara wa lamba ko rage mata ko da ɗigo ɗaya. Saboda kai na ƙi karatun likita da Yaya ya so min, na zaɓi ruwan da ba a sha. Duk inda na je ina cewa ni 'yar mutumin nan ce da bai taɓa fashi ba. To ina ka je, Baba? Barci ne ya fi ƙarfinka, ko gajiya ce, ko wani abu ne da ba a faɗa wa 'ya'ya? Da ka bar gurbin fari, da yau ba mu da abin kunya sai rami ɗaya a jadawali.

Kwamiti zai zo ranar Alhamis. Na goge kwana arba'in da ɗayan daga kwamfuta, na bar su fari. Za su tambaya, ni kuma zan amsa. Ba don ina da ƙarfin hali ba ne, ban iya wata hanyar ba ce, ba ka koya min ita ba.

In kana da abin cewa, akwai sauran kwana biyar.

'Yarka.

*

Ranar Juma'a.

Baba,

Barka da war haka, ina fata jikin da sauƙi. Ba doguwar takarda ba ce, hannuna ba ya son fensir yau.

Sun zo su uku, mata biyu da wani dogo mai yawan duba agogo. Mun share baranda, Mai Laka har da ɗaura taye a wuya. Kowa ya nuna abin da yake yi. Da aka zo kaina na haska jadawalin a bango, layi ɗaya mai hawa a hankali tsawon shekara talatin da huɗu, da ɗan rami fari a tsakiya. Babbar cikinsu ta nuna ramin da biro ta ce ai an gaya musu babu gurbi. Na ɗora littattafan biyu a gabanta na buɗe mata kunkurun.

Ba su yi faɗa ba, da sun yi ma da ya fi min. Dogon ya tambaya cikin ladabi, in an kwafi wuri ɗaya, wa zai rantse a kan sauran? Na ce ni zan rantse, na shafa kowane shafi da hannuna, duk sun sha ruwa sai waɗannan. Ya yi murmushi ya ce ba a kafa hujjar kimiyya da kumburin takarda, balle daga bakin 'yar mai littafin. Gaskiyarsa ce kuwa.

Ƙarshen wata za a rufe. Littattafanka za a kai su ma'ajiyar jami'a da takarda a manne cewa ba abin dogaro ba ne. Duka talatin da huɗun.

Mai Laka zai nemi aiki wurin masu neman mai a ƙarƙashin teku, abin da ya yi shekaru yana zagi. Malam Gishiri ya ce akwai masana'antar ruwan kwalba da ke neman mai gwaji. Farfesa bai kalle ni ba tun jiya. Digirina kuwa ba shi da abin tsayawa a kai, wataƙila in nemi koyarwa a sakandare in riƙa zana wa yara teku a allo.

Anti Kifi nake tsoro. Ta zauna har aka watse, ta karɓi hotunan tauraron ta duba ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta tashi ta shiga ɗakinta, ina biye da ita, ta sunkuya ta cire wayar firizar daga bango. Ta ce in taya ta fitar da kifin kafin ya narke ya dami mutane. Mun yi sawu tara zuwa bola. Kowace leda da lambarta da kwanan wata da rubutun hannunta. A sawu na ƙarshe ta tambaye ni ko kana lafiya, na ce gwiwa ce kawai, ta ce Allah ya ƙara sauƙi.

Na yi abin da ka koya min, kuma ban ji daɗin komai ba.

'Yarka.

*

Ranar Talata.

Babana, abin ƙaunata,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ba ta san da wane ido za ta kalle ka ba. Yaya jikin? Yaya ya ce kwana uku ke nan ƙofarka a rufe, ana ajiye abinci ana ɗaukewa.

Saƙonka ya iso jiya. Tambarin gidan waya ya nuna ka aiko shi tun kafin zuwan kwamiti, ya yi kwanaki yana yawo a hanya. Na buɗe ina neman wasiƙa, babu. Sai ɗan ƙaramin littafin nan mai bango shuɗi da roba a ɗaure.

Na ga layukan da ka ja da hannu, irin na littattafan gada. Kwanan wata, lokaci, zafi, abin da aka gani. Ashirin ga Fabrairu, ƙarfe bakwai, arba'in da ɗigo biyu. Na ce wane irin teku ne wannan, ai ko tukunya ce. Sai na karanta layin ƙarshe: ba ta gane ni ba, wuyanta ya sanƙare.

Baba, na zauna a ƙasa.

Zafin jikina ne ka riƙa aunawa. Na karanta duka. Ranar da ka rubuta likita ya ce a yi haƙuri. Ranar da ka rubuta ka kira ni ta hagu ban juyo ba, ka zagaya ta dama na juyo. Uku ga Maris, ranar kunkuru, arba'in da ɗigo biyar, ta kira Mamanta. Ba ka yi fashin safiya ɗaya ba, ba ka makara ba ko sau ɗaya. Shafukan kuma sun cukuikuye da ɗigo kamar sauran littattafanka, ba zan tambaye ka ruwan mene ne ba.

Na san na yi ciwo ina ƙarama, amma ban taɓa tambayar wace shekara ba ce, kai ma ba ka taɓa ɗaga zancen ba. Na kira Yaya ya cika min sauran. Ya ce shekarata shida, Mama ba ta cika shekara da rasuwa ba, asibitin yana da nisa da teku, shi kuma an kai shi gidan maƙwabta. Ya ce shugaban tashar na lokacin ya sha faɗa cewa ranar da aka sami gurbi a littafi, ranar za a sallami mai bokiti. Kana da marayu biyu, ɗaya a gadon asibiti. Ka dawo ka zauna a tebur ka cike shafukan, washegari ka koma gada. Da na warke ka ɗora min bokiti, ka yi shekara goma sha takwas kana koya min kada in yi abin da ka yi.

Na tambaye ka ko barci ne ya fi ƙarfinka. Na rubuta shi da hannuna, kuma kai ka ce abin da aka rubuta ba ya zama iska. Ka yafe min.

Na yi ta tambayar kaina, da littafin nan ya iso kafin Alhamis, da na yi shiru? Ina jin da na faɗa duk da haka, ina kuka ina faɗa. Wannan ne ya fi ci min rai. Babu abin da ya gyaru: tashar ta tafi, shekarun Anti Kifi sun tafi, sunanka yana cikin kwali da takarda a manne. Ni ce abin da aka samu a madadinsu, kuma ni ce na tona. Ban san ko na kai wannan farashin ba, ba na kuma so ka amsa min.

Ranar Juma'a za su sa kwaɗo a ƙofar gada. Zan yi awon ƙarshe ƙarfe bakwai, ko da ba mai karantawa, in wanke bokitin in hau mota. Zan zo da shi, da ɗan littafin.

Shafi na ƙarshe na fi karantawa. Ɗaya ga Afrilu, ƙarfe bakwai, talatin da bakwai daidai. Ta buɗe ido, ta ce Baba ba ka je aiki ba.

Ka buɗe min ƙofa in na ƙwanƙwasa. In kuma ba za ka iya buɗewa ba, ka yi magana da ƙarfi daga ciki, zan sa kunnen dama.

Taka,
'Yar Bokiti.